Mu Biyar a Kwatano, Anko na Mutum Huɗu

Tun da aka koma makaranta ba a bar ni na zauna lafiya a ofishin malamai ba. Malama Binta tana so ta ji ko da gaske teku ba shi da ƙarshe, na ce mata ban kai ƙarshen ba. Malam Garba na aji shida yana so ya ji ko can ma ana ɗauke wuta. Maƙwabta kuma, duk wadda ta shigo karɓar tsaraba sai ta gyara zama ta ce in ba ta labari daga farko. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai so ya karanta.

A Gwarzo ba a tafiya haka kawai. Mutum yana barin gari ne don gaisuwar mutuwa, ko biki, ko asibiti, ko fatauci. Da Malam, maigidana, ya ce zai kai mu Kwatano ta ƙasar Benin hutun ƙarshen shekara, mutum uku ne suka ja ni gefe suka tambaye ni waye ba shi da lafiya. Na ce hutu ne. Suka ce Allah ya ba da lafiya.

Amma akwai dalili, kuma sai na faɗe shi kafin labarin ya yi ma'ana. Ni 'yar Dugabau ce ta ƙasar Kabo. Kakanninmu masu shanu ne, shanun sun ragu, kunyar ba ta ragu ba. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in aka tambaye ta yawan 'ya'yanta ma ba ta sa shi a lissafi. Babbar 'yata tun da aka yaye ta mahaifiyata, Inna, ta ɗauke ta. A can ta girma, kowa yana ce mata 'Yar Inna, ni kuma tana kirana Adda, wato yaya, kamar yadda ƙannena suke kirana. Da damina Inna ta rasu. Malam ya je ya taho da yarinyar Gwarzo tana da shekara goma sha uku.

Wata huɗu ta yi a gidan kamar baƙuwar da ta zo jinya. Sai ta nemi izini kafin ta buɗe firij. Kayanta suna cikin jakarta ba ta taɓa fito da su ba. Da yayana Sale ya zo, ta faɗa masa ita Dugabau take so. Yaya Sale ya ce a bari hutun nan ya wuce, in ba ta saba ba zai zo ya ɗauke ta, ai gidansa akwai sa'anninta. Ba na so ta tafi. Ban faɗa wa kowa ba, domin a wajenmu uwar ɗan fari ba ta da baki a maganarsa.

Malam ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa yake sarowa daga Kwatano, kuma shi ma kunyar yarinyar yake ji daidai da ni. Maganin da ya gani shi ne a sa kowa a mota ɗaya kwana biyu, ko dole ta saba da mu. Ya kira Hajiya Mariyama, matar da yake sauka a gidanta a unguwar Zango, ya ce wannan karon da iyali zai zo. Ya miƙo mini wayar mu gaisa. Muka gaisa har da tambayar kaji. Sai ta ce, "Yara nawa gare ki, ɗiyata?"

Na ce, "Biyu." Ta tambayi shekarunsu, na ce Kamalu tara, Jidda biyar. Na ajiye waya na ci gaba da tsintar shinkafa, ko a jikina.

Mun bar Gwarzo da sassafe, muka shiga doguwar motar Legas a Kano. Na yi guzurin da zai ishi mai zuwa aikin hajji ta ƙasa: dambun nama, zabbi biyu soyayyu, ƙuli-ƙuli, garin kunu, yaji a kwalba. Kujerunmu huɗu a haɗe suke, ɗaya kuma a ɗaya ɓangaren. Kafin a yi magana 'Yar Inna ta wuce ta zauna a kan ta waren, kusa da wata mai sayar da busasshen kifi, Bahaushiyar unguwar Sabo ta Ibadan, wadda ba ta rufe baki ba har Zariya. Shirin Malam ya lalace tun motar ba ta bar tasha ba.

Yadda muke magana da ita a gida haka muka ci gaba a mota. In ina so ta ci abinci sai in ce, "Jidda, ce wa yayarki ta karɓi nama." Jidda ta juya ta faɗa, ita kuma ta ce, "Ce wa Adda na ƙoshi." Tsakanina da ita bai fi kamu biyu ba. Mai kifin ta kalle mu, ta kalli Jidda, ta ce wannan yarinya in ta girma a gidan rediyo za ta yi aiki.

Kamalu ya yi amai sau biyu kafin Kaduna, ya ce ba motar ba ce, kifin ne. A gadar Lakwaja Jidda ta leƙa ta ga ruwa, ta ce, "Umma, wannan ne tekun?" Na ce a'a, sai jibi. Ta ce ita wannan ma ya ishe ta, mu koma gida.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, domin ban gan ta ba, bayan motoci na gani. Wani direba da Malam ya sani ya kwashe mu zuwa boda. A nan sai in ambaci maganar fasfo. Lokacin da muka je yi wa yaran, sai muka tarar sunan 'Yar Inna a duk takardunta da Sale yake ƙarewa, domin Yaya Sale ne ya kai ta firamare, da aka tambayi sunan uba ya ba da nasa. Aka ce gyaran zai ɗauki watanni. Malam ya ce ai suna ne kawai, aka bar shi haka. A shiga kuwa babu wanda ya damu. Direba ya tattara fasfo ɗin, aka leƙo aka ƙirga kawuna, aka buga hatimi. Na ɗauka in mutum ya tsallaka wata ƙasa zai ji wani abu a jikinsa. Abin da na ji shi ne layin wayata ya ɗauke.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Kwatano 'yan acaɓa ne. Duk rigarsu ɗaya, ruwan ɗorawa, da lamba a baya, kuma sun fi motocin garin yawa. Mata ma suna tuƙa nasu babur ɗin, da goyo a baya da takalmi mai tsini, babu mai juyowa ya kalle su. Na tuna ranar da wata ma'aikaciyar asibiti ta hau babur a Gwarzo, sai da aka yi sati ana zancen. Fetur kuma a manyan kwalabe ake sayar da shi bakin titi, Kamalu ya ɗauka zoɓo ne na abarba. Kowa Faransanci yake yi. Malam da ya shekara goma yana zuwa garin, kalma uku ya iya: sannu, nawa ne, ya yi tsada. Da su yake ciniki, da su ya tambayi hanyar masallaci.

Hajiya Mariyama doguwa ce, mai murya, kakanninta daga Katsina suka zo fataucin goro suka zauna. Hausarta tana tafiya lafiya sai ta yi tuntuɓe da Faransanci ta tashi ta ci gaba. Ta rungume ni, ta ɗaga Jidda sama, ta kai mu ɗakin da ta gyara a bene. Gado ɗaya babba, ƙananan katifu biyu. Sai ta juya ta ga 'Yar Inna a bakin ƙofa da jaka a kai.

"Wannan fa?"

Na ce, "'Yar Inna ce."

"Ayyo, mai taya ki aiki. Bon, a kawo mata tabarma."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na duba Malam, na ga yana nazarin silin. Yarinyar ta sauke jakar ta koma ƙasa ɗauko sauran. Da za a kwanta na jawo Jidda gadona don katifa ɗaya ta zama babu kowa. Haka ta kwana babu kowa, 'Yar Inna tana kan tabarmarta.

Abincinsu ba laifi in mutum ya daina tambaya. Da safe burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana yanka dasashi, Kamalu da Jidda suka yi faɗan takobi da shi kafin a kawo shayi. Da rana akwai wani abu fari mai tsami da suke naɗewa a ganye, kusan kamu ne da aka dafa ya daskare, ana ci da soyayyen kifi da barkonon da ya sa na mayar da kwalbar yajina cikin jaka. A rana ta biyu Hajiya ta kawo mana cuku, jan baya, farin ciki, soyayye a cikin miya. Ta ce makiyayan arewacin ƙasar ne suke yi. 'Yar Inna ta gutsura, ta tauna, ta ce, "Da tumfafiya ake kama nonon. Inna ta taɓa nuna mini." Wannan ce doguwar maganar da ta fara yi tun Gwarzo. Na so in ce ta ba mu labarin yadda ake yi. Abin da na ce shi ne, "Jidda, ƙara wa yayarki."

Mun je wani gari da aka gina shi cikin ruwa, gidaje a kan turaku, kasuwa a kwale-kwale, makaranta ma sai da jirgi ake zuwa. Na yi tunanin ɗalibaina da suke makara don an yi yayyafi. Malam ya sa mai jirginmu a gaba da tambaya ta bakin wani yaron Zango da ke mana tafinta: ina suke noma, ina suke ɗaure awaki, ina suke binne mamaci. Da aka amsa masa duka, sai ya ce, "To in mutum ya yi fushi da matarsa ina yake fita ya zauna?" Mai jirgin ya ce a jirgi.

Ranar ƙarshe ta shekara muka je bakin teku. Gari duka yana can, da tukwane da rediyo da tsofaffi a kan kujeru. Mutane rabin tsirara, mu kuma da hijabi har ƙasa, ni har da safa. Babu wanda ya kalle mu, abin da ya ɗan ɓata mini rai. Teku dai ruwa ne mai yawa da ba ya zama wuri ɗaya, kuma ƙararsa ta fi girmansa ban tsoro. Malam ya naɗe wando zuwa ƙwauri, ruwa ya taɓa shi, ya ce to alhamdulillahi an gani, ya koma ya zauna.

'Yar Inna ce kawai ta matsa gaba. Ta tsaya ruwa yana zuwa yana lasar ƙafarta yana komawa, na ga tana murmushi, abin da ban gani ba tun rasuwar Inna. Ina kallonta ta gefen ido, kamar yadda na saba. Sai na hango wata igiyar ruwa ta taso ta fi sauran, ita kuma ta juya baya tana kallon wani mai ƙwallo. Na miƙe na ce, "Ke! Ke!" Mata uku suka juyo, ban da ita. Sunan yana bakina, ya ƙi fita. Ruwan ya buge ta, ya kayar, ya fara ja. Wata mai sayar da kwakwa ce ta yar da addarta ta shiga ta damƙo hijabin ta fizgo ta.

Na iso da gudu. Tana zaune tana tari, yashi har cikin kunne, takalmanta sun tafi. Mai kwakwar tana ta shafa mata baya tana faɗa da ni da yarensu. Hannuwana suka rasa inda za su sauka. Na buɗe baki na ce, "Kin jiƙa hijabinki." A duk maganganun da na yi a rayuwata ban san wadda ta kai wannan muni ba.

Da yamma ina shanya a baranda na ji 'Yar Inna a ɗaki tana cire wa Jidda yashi daga kitso. A hankali ta ce, "Da Kamalu ne da ta kira sunansa." Jidda ta ce, "In faɗa mata?" Ta ce, "A'a." Na daɗe a barandar ina matse rigar da na riga na matse.

Su can sabuwar shekara sallah ce sosai. Tun la'asar yara suka fara fasa abin wasan wuta, na farkon da ya tashi Malam ya kai ƙasa yana salati, Hajiya ta ce masa ya tashi, shekara ce kawai take ƙarewa. Mu dai muka yi isha'i muka kwanta, shekarar ta shigo ba da taimakonmu ba. Da safe na leƙa titi na ga abin da ban taɓa gani ba: kowane gida anko. Uba, uwa, yara, har jariri, duk atamfa ɗaya, suna tafiya a jere, wasu coci, wasu gidan dangi. Mu anko na biki ne, kuma na mata. Su har maigida ake sa wa, ya fito da zanen matarsa a jiki yana gaisawa da mutane.

Sai ga Hajiya Mariyama ta hauro da leda tana dariya. Ta ce tun ranar da muka yi waya ta ba tela, kyauta ce, ba za mu zo garinsu mu yi sabuwar shekara kamar marayu ba. Ta zazzage a kan gado. Atamfa shuɗiya mai zanen tsuntsaye. Riga da wando na Malam, riga da zane nawa, na Kamalu, na Jidda. Ta ɗaga ledar ta girgiza, babu saura.

'Yar Inna tana tsaye tana ninke tabarma. Ta kalli kayan, ta ci gaba da ninkewa.

Na bi Hajiya har matakala na ce mata a yi haƙuri, akwai kuskure, yarinyar nan ta gidan ce. Ta ce ai ta sani. Na ce a'a, ta gidan ce sosai. Ta tsaya ta dube ni.

"Ɗiyarki ce? Ta cikinki?"

Na ce, "Haka ake cewa."

Ta dafa ƙirji. "Kika bar ni na ba ta tabarma kwana huɗu?" Sai ta sauke murya. "Kakata ma haka take yi wa babana, har ta mutu ba ta kira shi ba. Mu nan mun bari, ɗiyata. Yaran yanzu ba su san kunya ce ba, su ƙi suke gani."

Tela ya rufe sai bayan kwana uku. Hajiya ta ɗauko wata doguwar riga ta jikarta, ɗinkin can, ja, ta ba ta, da silifas na wanka tunda teku ya ci takalman. Hijabin bai bushe ba, aka ɗaura mata ɗankwali irin ɗaurin Kwatano. Da aka zo hoto a ƙofar gida, 'Yar Inna ce ta karɓi wayar Malam ta ce mu tsaya. Hoton yana nan, mu huɗu cikin tsuntsaye, ya yi kyau, ban taɓa nuna wa kowa ba.

Washegari muka kamo hanya. Hajiya ta rantse sai mun tafi da ankon a jikinmu don a gani a Najeriya. To ku dubi yadda muka isa boda: miji da mata da yara biyu cikin atamfa ɗaya, a bayansu yarinya 'yar shekara goma sha uku da jar riga da silifas, da jaka a kai. Ni ma da ni ce a bakin aikin da na tsayar da mu.

Wata jami'a ce ta tsayar da mu, mai jiki, da tabarau a kan hanci. Ta ce ta yi aiki a arewa, tana jin Hausa. Ta jera fasfo biyar a tebur, ta ware ɗaya gefe da yatsa. Ta dube ni.

"Madam, yaranki nawa?"

"Biyu," na ce. Wallahi kafin in yi tunani ya fita.

Ta juya wajen yarinyar. "Wannan mata wace ce?"

"Adda ce."

"Ina mamanki?"

"Ta rasu da damina."

Ta dubi Malam. "Alhaji, 'yarka ce?" Malam ya kalli takalminsa ya ce, "'Yar Inna ce." Ta tambayi waye Sale, ya ce surukinsa ne. Ta cire tabarau ta ajiye.

Ba ta yi mana tsawa ba. Ta ce kullum ana wucewa da yara mata ta nan a kai su aikatau, kuma kowa cewa yake 'yar uwarsa ce. Ta ce yarinyar za ta zauna, akwai ofishin da ke karɓar irinsu har a nemo danginsu, mu kuma za a ɗauki bayaninmu. A nan Malam ya farka. Ya ce wallahi tallahi 'yarsa ce ta cikinsa, al'ada ce ta sa. Ta ce, "Yanzu ka tuna?" Ya ce a kira Yaya Sale, layinmu bai dawo ba. Takardar haihuwa kuwa babu, a ɗakin Inna aka haife ta.

Aka nuna mata wani benci a jikin bango, inda wasu yara mata biyu suke zaune. Ta sauke jakar a gabana, ta je ta zauna, ta haɗa gwiwoyi ta ɗora hannu. Ba ta yi kuka ba, ba ta kalle mu ba. Ta zauna ne irin zaman wanda ya san dama za a bar shi. Wannan zaman ne ya karya ni.

Na ce, "Sa'adatu."

Muryar ba ta yi kama da tawa ba. Ta ɗago.

Na ce wa jami'ar, "Sunanta Sa'adatu. Ni na haife ta, ranar Laraba da hantsi, ana girbin gero. Ki duba bayan kunnenta na hagu, akwai tabo, ta faɗo daga kan turmi tana shekara uku. Ƙaramin yatsanta na ƙafar dama ya hau kan na kusa da shi, irin nawa ne, in cire safa ki gani. Ba ta cin kuɓewa, in an yi sai ta ce ta ƙoshi. Tana kwana da hannu a ƙarƙashin kumatu. Da ta yi ƙyanda tana shekara biyar, na hau acaɓa daga Gwarzo cikin ruwan sama, na kwana uku a ƙofar ɗakin ina jin numfashinta, ban shiga ba don akwai mutane. Duk rigar sallar da Inna ta ba ta ni na ɗinka. Ta zo ta biyu a aji huɗu, ta yi kuka, malaminsu ya faɗa mini, domin duk ƙarshen zango sai na kira shi."

Ban san na ɗaga murya ba sai da na ga layin bayanmu ya yi tsit. Hawaye yana zuba a kan tsuntsayen Hajiya. Jami'ar ta tashi, ta je ta ɗaga ɗankwalin, ta duba bayan kunne. Ta duba ƙafa. Ta ce in cire safar, na cire a gaban jama'a. Ta duba tawa. Sannan ta durƙusa ta tambayi yarinyar a hankali ko ta san wadda ta haife ta.

Sa'adatu ta ce, "Na sani. Ita ce." Ta dube ni. "Ban san ta sani haka ba."

Jami'ar ta ɗauki lokaci tana rubutu, ta karɓi lambar makarantarmu da ta Yaya Sale, ta ce a gyara sunan nan kafin a sake fita da ita ko'ina. Da ta miƙo fasfo ɗin ta ce, "Madam, ki riƙa ƙirga yaranki daidai." Na ce to.

Daga boda zuwa Gwarzo babu abin labari. Babu wanda ya tayar da maganar. Malam ya sayi takalmi a Legas ya miƙa mata da kansa, ya yi mata girma. A motar Kano ta zauna kusa da ni don Kamalu ya ce shi taga yake so, ta yi barci kanta ya gangaro kafaɗata. Hannuna ya mutu tun daga Lakwaja, ban motsa ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya Yaya Sale ya zo da babur. Suka zauna da Malam a falo, aka gaisa, aka tambayi hanya, aka ci tsaraba. Ina bayan labule, Sa'adatu tana tsakar gida tana daka yaji. Can Yaya Sale ya ce to, maganar yarinya, hutu ya ƙare, in ta shirya su kama hanya kafin la'asar. Ya ƙara da cewa, don cika ladabi, "Uwar 'ya dai na san ba ta da magana."

Na ce, "Ina da ita, Yaya. A bar mini 'yata."

Tabaryar ta tsaya. Yaya Sale ya dubi labulen, ya dubi Malam, ya ce, "Ikon Allah. Kwana nawa kuka yi a ƙasar wajen nan?" Malam ya ce biyar. Ya ce lallai. Ya ɗaga murya ya tambayi yarinyar ita me ta ce. Daga tsakar gida ta ce ranar Litinin ake komawa makaranta, kuma ba ta gama dakan ba.

Bayan ya tafi na shiga ɗaki ɗauko mayafi, na tarar da jakarta a ƙasa babu komai a ciki. Ta juye kayanta a durowata, a kan nawa, ta yamutsa mini ninkin da na yi wata guda ina lallaɓawa. Na tura durowar da gwiwa, ta ƙi rufuwa, na bar ta a buɗe.